Tambayi Kawu: Gida kusa da makaranta, amma ina takardunsa?

Salamu alaikum jama'a. Wannan makon kamar an haɗa baki, saƙonnin duk kan sayen gida a Kaduna ne, kuma kusan kowa makarantar yara ce ta sa shi neman canza unguwa. Na ɗauki biyar, sauran ku yi haƙuri.

"Kawu ina wuni. Haya muke a Tudun Wada, yaranmu huɗu, babbar za ta gama firamare bana. Maigidana ya karɓi giratuti, ni ma na sayar da gwal ɗina, mun haɗa miliyan 38. Wani dillali ya kai mu wani gida a Malali, uku da falo, da ƙafa ma za a iya zuwa sakandaren FGC. Ya ce mai gidan kuɗi yake nema da gaggawa, in ba mu biya kafin Juma'a ba wani Alhaji zai ɗauka. Takardun da ya nuna mana agrimen ne da sa hannun mai unguwa. Wallahi ko barci ba na iya yi. Mu biya?" Maman Husna

Maman Husna sannu, Allah ya sanya albarka a wannan kuɗi, na san ba da wasa aka tara shi ba, macen da ta cire gwal ɗinta saboda karatun 'ya'ya ta yi abin a yaba mata. Amma kar ku biya. Kafin Juma'a dai kam kar ku biya ko sisi, har abin nan da suke cewa a ɗan ba da wani abu a riƙe gida.

Maganar FGC tukuna. Makarantar gwamnatin tarayya ce, ba a ɗaukar yaro don gidansu na jikin katanga, jarabawar kwaman entirans ake rubutawa wadda NECO ke shiryawa, in Husna ta ci ta ci ko daga Rigasa take zuwa, in ba ta ci ba ko a bakin get kuke kwana ba zai yi amfani ba. To kin ga dalilin da ya fi jan ki zuwa gidan ma bai tsaya da ƙafarsa ba.

Sannan ke kanki kin san Malali, kin san yadda ake kiran kuɗin fili ma a can yanzu balle ginannen gida. In aka ce miki uku da falo a wannan kuɗin, tambayar farko ita ce me ya sami gidan. Kuma wannan Alhajin da zai ɗauka ranar Juma'a, duk dillalin Kaduna yana da irinsa a aljihu, ba ya tsufa ba ya mutuwa, kullum yana hanya da kuɗi a but.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, ku yi haƙuri zan ja shi. Mutanenmu in za su sayi waya ta dubu ɗari biyu sai sun buɗe kwali sun duba caja sun kira ƙaninsu da ya san waya, amma gida na miliyoyi sai a biya a kan takarda guda da aka buga a shagon kwamfuta, an manna hoto an buga tambari shikenan. Mai unguwa mutum ne mai daraja, shaidarsa na da amfani, amma ba shi ke ba da ƙasa ba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar cikin birni a hannun gwamna take, shi ya sa C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, ke fitowa da wa'adi, galibi shekara 99, kuma ko mai C of O ɗin in zai sayar miki sai an nemi amincewar gwamna kafin sunanki ya hau. A nan Kaduna tun 2015 aka kafa KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, duk maganar fili can ake yinta. Ku karɓi kwafin duk takardar da mai gidan yake da ita, ku sami lauya naku na kanku ba wanda dillali ya kawo ba, a je a yi bincike a ga sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da gidan a banki, ko wajen ma asalinsa hanya ce ko filin gwamnati. In mai gida ya ce ba zai ba da kwafi ba sai an biya, ku yi masa godiya ku sa takalmanku.

Kuma wannan "kusa da makaranta" da kuke ji yana muku daɗi, wani lokaci shi ne ainihin matsalar. Da yawa makarantun gwamnati an ci musu fili shekara da shekaru, an yanka an sayar an gina. Ba mu manta da 2015 ba lokacin da gwamnatin El-Rufa'i ta fara rushe gine-ginen da ta ce sun shiga filayen makarantu, abin da ya faru a makarantar Alhudahuda ta Zariya kowa ya gani. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai waɗanda su ma saye suka yi da guminsu, suna da agrimen, suna da shaidu, katafila ba ta karanta ko ɗaya ba. In kun koma duba gidan ku zagaya katangar waje da rana tsaka, ku lura ko akwai inda aka shafa sabon fenti murabba'i guda alhali sauran katangar ta koɗe, in kun matsa kusa sau da yawa za ku ga jan fenti yana leƙowa ta ƙasa, alamar rusau ce ta KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, aka rufe. Ku tambayi takardar izinin gini ma, ita ma daga KASUPDA take fitowa.

Sai gidan gado, wanda shi ya fi cika kotuna. Babban wa ya sayar, an ci kuɗi, bayan shekara biyu ƙanwa ta dawo daga gidan miji a Kano ta ce ita ba ta sani ba, kuma gaskiyarta. In gidan na gado ne sai kun ga takardar rabon gado daga kotu, kuma kowane magaji ya sa hannu, mata da maza. Kuɗi kuma ta banki, cikin akawun mai sunan da ke kan takarda, ba a jakar Ghana-must-go ba, ba akawun dillali ba. Shi dillali la'adarsa kawai yake bi, a yi magana a kanta tun farko a rubuta.

Ki kwanta ki yi barcinki Maman Husna. In hayarku ta kusa ƙarewa ku sabunta ta shekara guda, ya fi muku sauƙi a kan ku rasa duka.

"Kawu wace unguwa ce manyan mutane suka fi zama, Unguwar Rimi GRA ko Malali? Ina so yarana su taso da 'ya'yan manya saboda konekshan." Abban Sultan

Haba Abban Sultan. 'Ya'yan manyan da kake nema daga get sai mota, daga mota sai get, wasu ma hutu kawai ke kawo su Kaduna. Abin da ɗanka zai samo shi ne ya dawo yana tambayarka me ya sa ku ba ku da janareto mai kunna kansa. Ka sayi inda aljihunka zai ɗauka ka biya masa lesin.

"Malam ni ma'aikaci ne a sakatariya, yarana suna wata firamare mai zaman kanta a Unguwar Dosa kuma muna jin daɗinta. Na samu gida mai sauƙi a Millennium City, wani kuma a Rigachikun. Wanne ya fi?" Baban Amir, Kawo

Wannan tambaya ce ta mai hankali. In yaran za su ci gaba da zuwa Unguwar Dosa, kar ka auna nisa ranar Lahadi da yamma yadda dillalai ke son kai mutum. Ka tashi ranar Litinin ƙarfe bakwai saura ka bi hanyar daga ƙofar gidan har get ɗin makaranta, ka ga yadda Kawo take a wannan lokacin duk da sabuwar gadar sama, ka ga layin motocin da ke tsallako kogi daga Millennium City. Sannan ka lissafa mai, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kai da kanka ka san abin da zuwa da dawowa sau biyu a rana ke ci, ga Islamiyya da yamma. Sauƙin da ka samu a kuɗin gida zai iya tafiya a gidan mai da kuɗin keke.

Amma abin da na fi so ka bincika, makarantar nan ginin nata ne ko haya take? Da yawan firamaren kuɗi a garin nan gidan haya ne aka yanka ɗakuna, mai gida na ƙara kuɗi sai ka ji sun koma wata unguwa, kai kuma ka riga ka binne miliyoyi saboda su. Firamare shekara shida ce. Ka dubi wajen da yake da makarantu biyu uku da za ka iya zaɓa, ka shiga ka nemi ganin littafin yaro ɗan aji huɗu ko ana makin, ka tambayi malamai shekararsu nawa a wajen. Sai ruwa da wuta da tsaro: akwai bohol ko 'yan garuwa za ka dogara da su, taransifoma na aiki, gidan yana cikin mutane ko shi ne na ƙarshe kafin daji. Tun da aka sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021 ba na ba kowa shawarar zama a bakin gari don araha kawai. In dole sai na zaɓa maka, wanda ya fi shiga cikin jama'a a cikin biyun.

"Kawu an nuna min gida mai kyau wajen Kigo Road, sabon fenti, tayil ko'ina, kuɗin kuma ya yi sauƙi sosai." Hajiya Ladi

Hajiya a watan nawa aka nuna miki? Gidan da ke kusa da kogin Kaduna ba a duba shi da rani. Kigo Road ta ƙasa, Bashama Road, Rafin Guza, wasu sassan Kabala, duk wanda ya daɗe a garin nan ya san me Agusta da Satumba ke yi musu, masu shekaru kuma ba su manta ambaliyar 2003 ba. Kar ki kalli bangon gidan da aka yi wa fenti, ki kalli na maƙwabta, in kin ga layi ya bi bango daidai gwiwa ko ƙugu, ƙasansa ya yi duhu siminti na barewa, to nan ruwa ya tsaya. Ki tambayi mai shagon layin, shi ba shi da la'ada a ciki. Ba duk gidan wajen ruwa ke shiga ba, akwai na kan tudu, amma ki jira damina ta nuna miki da kanta.

"Kawu an yi min tiransifa zuwa Kakuri, ina tunanin saye a Barnawa amma 'yan uwa sun ce kar in tsallaka gadar kogin Kaduna da iyali. Hankalina ya kasu biyu." Ɗanka Nura

Nura na fahimci 'yan uwanka, ba daga sama suka ɗauko tsoron ba, rikicin 2000 da na 2002 su suka raba zaman garin nan kowa ya koma ɓangaren da yake ganin nasa ne. Amma Barnawa na cikin unguwannin da har yau Musulmi da Kirista ke zaune tare, akwai masallatai akwai makarantu, kuma ga wajen aikinka kusa. Shawarata kar ka fara da saye. Ka kama haya shekara guda, ka yi sallah a masallacin layin, ka ga inda yara za su yi Islamiyya, ka bar maiɗakinka ita ma ta faɗi yadda ta ji zaman tunda ita ce za ta wuni a gidan. In ya yi muku sai ka nemi na saye a hankali, kuma ka koma sama ka karanta amsar da na ba Maman Husna kafin ka tura wa kowa kuɗi.