Amsa ga mai neman hoton watannin Mushtari

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, cewa kana da kyamarar Canon da gilashin zum mai kaiwa milimita 250, ka saita Mushtari (duniyar Jupiter) amma abin da ya fito dunƙulen fari ne kamar ƙwan fitila, babu alamar wata ko ɗaya, kana tunanin sai ka sayi madubin hangen taurari. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Da irin kayan nan naka na fara, kuma sai da na ɓata darare kusan goma kafin na gane laifin ba na kyamara ba ne.

Watanni huɗun da kake nema, Io da Europa da Ganymede da Callisto, suna da haske sosai. Galileo ya gan su a watan Janairun 1610 da madubin da gilashinka ya fi shi inganci nesa ba kusa ba. Ganymede ma ya fi duniyar Merkuri faɗi. Abin da ke ɓoye su hasken Mushtarin ne, sai rawar hannu, sai fokos, wato saita gilashi don hoto ya fito tar.

Fokos ɗin shi ya fi wahalar da ni, don haka bari in fara da shi. Ka kashe na kai-da-kai, domin a cikin duhu sai dai gilashin ya yi ta gaba da baya bai kama komai ba. Kada kuma ka murɗa zoben har ƙarshe kana zaton can ne nesa, yawancin gilasan nan suna wuce wurin. Ka kunna allon baya, ka faɗaɗa hoton sau goma, ka riƙa murɗawa a hankali har Mushtari ya ƙanƙance iya ƙanƙancewarsa. Sau da yawa a nan za ka ga ɗigo-ɗigon sun bayyana a jere tun kafin ka ɗauka. Ni da na samu wurin, ɗan salatif nake mannawa a zoben don kar ya motsa.

Hannu ba ya wannan aikin, komai natsuwarka. Idan ba ka da ƙafar kyamara, ka ɗura yashi a tsohon buhu ka aza a kan katanga, ya wadatar. Ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don kar taɓa maɓallin ya girgiza ta, ka kuma kashe abin rage rawa na jikin gilashin.

Sai batun haske. Ka juya zuwa M, wato saitin hannu, ka sa ISO (ƙarfin jin haske) 800, buɗin gilashi f/5.6 ko f/8, ka fara da barin kyamara a buɗe 1/4 na daƙiƙa, ka yi ta ragewa zuwa 1/15 kana dubawa. Kuskuren da na yi ta yi shi ne barin kyamara a buɗe daƙiƙa biyar ko goma, wai don dare ne. Ƙasa tana juyawa, kuma a milimita 250 tauraro kan gusa kimanin fiksel huɗu a kowace daƙiƙa, sai watannin su zama zare-zare, Mushtari ya kumbura ya haɗiye Io da ke kusa da shi. Ka sani kuma ba za ka samu watannin da zanen jikin Mushtari a hoto ɗaya ba. In ka ba watannin hasken da suke so, shi zai yi fari fat. In ka koma wajen 1/250 don ya fito da kyau, su za su ɓace. Masu haɗa su hoto biyu suke ɗauka su liƙa a kwamfuta. Ni dai ban ga amfanin wahalar ba a irin gilashinmu, tunda faɗin Mushtarin duka bai fi fiksel goma sha 'yan kai ba. Ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka yanke tsakiyar hoton, shi ke nan.

Wani daren za ka ƙirga uku maimakon huɗu, kar ka ce ka yi kuskure. Io yana gama kewaye cikin awa 42 da rabi, Europa kwana uku da rabi, Ganymede mako guda, Callisto kusan kwana 17, don haka ɗaya kan shige gaba ko bayan uwar. Kafin in fita ina duba manhajar taurari ta Stellarium a waya, kyauta ne, yana nuna wane ne a ina. Da shi na gano cewa "wata na biyar" da na taɓa yin murnar ɗauka tauraro ne kawai da ya faɗo cikin layin.

Mu da ke nan arewa muna da gata guda. A Kano ko Zinder Mushtari yakan hau kusan tsakiyar ka, inda iskar da haskensa zai ratsa ba ta da kauri, ko da yake wuyanka zai gaya maka. Matsalarmu hazo ce. Ranar da hunturu ya turnuƙe, Callisto ne ke fara ɓacewa don shi ya fi dusashewa. Daren da na fi jin daɗi shi ne na bayan ɗaukewar damina, kafin ƙura ta iso. Ka guji saitawa ta saman rufin kwano da ya sha rana, zafin da yake fitarwa bayan isha'i yana sa hoton rawa kamar ana kallon ƙasan ruwa. Fitilun unguwa kuwa ba su da wani tasiri a nan, daga tsakar gida nake ɗaukar nawa.

Ka gwada dare uku a jere a lokaci guda, ka jera hotunan kusa da juna, za ka ga yadda suke sauya wuri. In sun ƙi fitowa ka turo hoton nan tare da lambobin da ka sa, mu duba inda aka samu tangarɗa.