Cikin Kifinmu Ya Kumbura, Mutuwa Zai Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata biyu ke nan da na saya wa ɗana kifin betta, ɗan ƙaramin kifin ado, a cikin kwalba, da ɗan tsiro a bakinta. Mai sayarwar ya ce saiwar tsiron ta ishe shi ci, in mun ga dama mu ƙara masa ɓurɓushin burodi. Yaron kuwa duk wucewa sai ya jefa masa. Yanzu cikinsa ya kumbura, yana yawo a karkace a saman ruwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara duba shi ta sama. Idan ɓawon jikinsa ya mimmiƙe kamar bayan abarba, ciwon ya yi nisa, da wuya ya tashi. Idan ɓawon a kwance yake lafiya lau, galibi cushewar ciki ce ta danne jakar iskar da ke daidaita shi a ruwa. Ki hana shi abinci kwana 2 zuwa 3, ki sauya rabin ruwan da wanda babu sinadarin kulorin, mai ɗumi daidai da na kwalbar.

Maganar saiwa kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Duk mako sai an kawo min ita, kuma daga bakin masu sayarwa take fitowa, don kwalba mai fure ta fi saurin shiga. Betta nama yake ci. Asalinsa fadamun shinkafa da kududdufan Tailan, inda yake farautar tsutsar sauro da ƙananan ƙwarin da suka faɗo kan ruwa. Ki kalli bakinsa, sama ya kalla, don cafke abin da ke yawo a saman ruwa. Hanjinsa gajere ne, ba na narkar da ganye ko fulawa ba. In kin ga yana tsattsagar saiwa, ƙananan halittun da suka manne mata yake nema, ko kuma yunwa ta kai shi bango. Wa ya taɓa ɗaure kyanwa a gindin zogale ya ce ta ƙoshi? Abin da ke ruɗin mutane, kifin na da wata gaɓa da yake shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa yake daɗewa cikin ƙazamin ruwa yana wahala, mai shi na cewa ai ga shi nan garau. Burodin kuma kumbura yake a ciki, wanda ya nutse ya ruɓe ya zama amoniya, wani sinadari mai guba, ta ƙona masa gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansa.

In ya warware, ki nemi ƙwayoyin abincin betta, ki karanta jikin robar: garin kifi ko jatan lande ya zo farko, furotin wajen kashi 40 cikin 100. Ƙwaya 2 ko 3 da safe, haka da yamma, rana ɗaya a mako ya yi azumi. Busasshiyar jar tsutsar da ake sayarwa don abincin kifi marmari ce, sau biyu a mako, a jiƙa ta tukuna. Tsutsar sauro yana son ta ƙwarai, amma kada a tara ruwa a gida don kiwon ta, a jawo wa yara zazzaɓi.

Da hunturu, in ruwan ya yi ƙasa da digiri 24 a ma'aunin Salshiyas, narkewar abincinsa takan yi nauyi, sai a rage. Robar abincin kuma ta koma hannunki, yaron ya riƙa karɓar ƙwayoyin a ƙirge.