Kafin ka kwaso iyali daga unguwar Mabera ta Sakkwato

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce wani kamfanin manhaja a Ingila ya ba ka aiki, kana son tahowa da maiɗakinka da yaran nan uku a tashi ɗaya, amma ka ji ana cewa hukuma na ƙwace 'ya'yan mutane. Ka taho kai kaɗai tukun.

Bizar ƙwararru a nan ɗaure take da kamfanin da ya ɗauko ka. Ran da suka sallame ka, yawanci kwana 60 za a ba ka ka sami wani kamfanin da zai tsaya maka, in ba haka ba ku tattara ku koma, kai da duk wanda ya shigo a kan bizarka. Tallafin gwamnati kuwa ba ka da rabo a ciki. Kada girman sunan kamfani ya ruɗe ka: Meta, mai Facebook, ta sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022, Google ta biyo baya da 12,000 a Janairun 2023, Microsoft 10,000 a watan. Na san ƙwararrun da suka fi ni iya aiki, da saƙon imel ɗaya abincinsu ya ƙare.

Maganar yara ba ƙarya ba ce, sai dai ana ƙara mata gishiri. A nan Birtaniya, yankin Sikotland ya haramta dukan yaro kwata-kwata a 2020, Wales a 2022. A Ingila ma duk dukan da ya bar shaida laifi ne, kuma malamin makaranta in ya gani sai ya kai rahoto. Babban ɗana ya taɓa faɗa a aji cewa na ja masa kunne a kan sallar asuba. Ma'aikaciyar hukumar kula da yara ta zo har gida, ta keɓe shi tana tambayarsa, uwarsa na kuka a kicin. Daga baya an rufe maganar, amma makonnin nan ban yi barcin kirki ba, kullum ina lissafin me zai faru in aikina ya tafi alhali bincike bai ƙare ba.

Ban ce dokar banza ce ba. Duk wanda ya ga ƙananan yara na yawon bara cikin sanyin hunturu a Sakkwato ba mai tambayar ina iyayensu, ya san amfaninta. Amma tana wuce gona da iri, kuma baƙo ya fi shan wuya. A Disamban 2021 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke hukuncin cewa Norway ta tauye haƙƙin wata 'yar Somaliya, Musulma, da aka karɓe ɗanta aka mallaka wa iyali Kirista ba da yardarta ba. Hukuncin ya zo bayan yaron ya yi shekara fiye da goma a hannunsu.

Ka yi shekara guda, ka wuce watannin gwaji, ka tara kuɗin hayar wata shida, sannan su biyo ka. Kafin nan ku ajiye dorina tun daga gida, yaran su saba da faɗa na baki. Turo min takardar kwantiragin in duba wa'adin da suka rubuta na sallama. Ka gaida Inna.