Kifayena Suna Haki A Saman Ruwa, Wasu Sun Yi Ɗigon Fari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Makonni biyu ke nan da na sayi akwatin gilashi mai cin lita 60, na zuba kifayen ado takwas. Yanzu suna taruwa a saman ruwa suna haki, biyu kuma sun yi ɗigo-ɗigon fari kamar an barbaɗa musu gishiri, suna ta goga jiki da duwatsu. Wane magani zan saya? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin magani, fara sayen kayan gwajin ruwa, irin na ɗigawa a ƙaramar kwalba. Ya fi na takarda nuna gaskiya. Matsala biyu ce gare ka, kuma ta ruwan ce ke saurin kisa.

Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da ammoniya. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a soson filta, su ke mayar da ammoniya nitirait, sannan nitirait ta koma nitiret mai sauƙin illa. Sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita, naka kuwa bai kai ba. Ammoniya na ƙona inda kifi ke shaƙar iska, nitirait na hana jini ɗaukar iskar, shi ya sa suke haki. Dole gwajin biyun ya nuna sifili, nitiret kuma kada ta wuce miligiram 40 a lita. In ka ga sun hau, canza rabin ruwan yau, sannan kashi ɗaya cikin uku kullum har su sauka. Rage abinci ƙwarai. Ruwan famfo sai an ɗiga masa maganin kashe kulorin, na burtsatse kuma a bar shi ya kwana da injin iska a ciki. Kada ka wanke soson filta a bakin famfo, kulorin zai kashe bakteriyar. Matse shi cikin tsohon ruwan da ka kwashe.

Ɗigon farin kuwa wani ƙwaro ne, Ichthyophthirius, masu sayar da kifi na ce masa ik. Yakan ɓarke idan ruwa ya yi sanyi farat ɗaya, abin da daren hunturu ke yi wa akwatin da ba shi da hita. Muddin yana ƙarƙashin fatar kifi magani ba ya taɓa shi. Sai ya faɗo ƙasa, ya hayayyafa ɗaruruwa, ’ya’yan suka fito neman kifi, a nan ne kawai ake iya kashe su. Saboda haka ɓacewar ɗigon ba warkewa ba ce, kuma a nan mutane da yawa ke tsayar da magani, cutar ta dawo.

Bayan ammoniya ta sauka, ba kafin nan ba domin zafi na ƙara mata dafi, ɗaga zafin ruwa sannu a hankali zuwa digiri 29, a ƙara iska. In golfish ne, wato kifin adon nan mai ruwan zinariya, tsaya a 26. Narkar da gishiri zalla, giram 1 a kowace lita, wato giram 60 a naka, ka ƙara haka kullum har ya kai giram 3 a lita. Gishiri ba ya bin tururi, don haka ruwan da ka canza kaɗai za ka sake wa gishiri. Ci gaba kwana 10 zuwa 14. In maganin malachite green za ka yi amfani da shi, cire gawayin filta tukuna don yana tsotse maganin, kuma dangin tarwaɗa marasa ɓawo rabin awo ake ba su.

Idan ɗigon ya tafi, ruwa ya gyaru, amma ba su daina goga jiki ba, zargi ƙananan tsutsotsin fata da na mashaƙa, waɗanda ido ba ya gani. Maganinsu praziquantel, miligiram 2 a lita, a maimaita bayan mako guda saboda ƙwan da zai ƙyanƙyashe.