Tashin Peugeot 504 da ta shekara goma a ajiye, kai da yaronka

Assalamu alaikum jama'ar gida. Malam, na saurari saƙonka kan Peugeot 504 ta marigayi mahaifinku, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ka ce ta kai shekara goma a ajiye a gidanku na Bukuru, kana so ku tashe ta kai da yaronka ɗan shekara 12, amma ba ka san ta ina za ku fara ba. Ka yi haƙuri, zan ɗan ja.

Ka dai yi sa'ar mota. Ita ba ruwanta da kwamfuta, kabureta ce da kwantak, wato ɗan abin da ke yanke wutar filogi, da filogi huɗu, komai ido na gani hannu na kaiwa, irin wadda yaro zai koya ke nan. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, don haka kayanta ba su ɓace ba. Ka leƙa wajen masu kayan mota a Farin Gada ta Jos, abin da ya gagara a nan za a samo shi a kasuwar Panteka ta Kaduna.

Amma don Allah kada ka ɗauko batir ka murɗa makulli don ka ji ko tana da rai. Nan mutane ke kashe injin. Baƙin mai ya daɗe da gangarewa ƙasa, silinda a bushe take, wataƙila ringi ya manne da tsatsa, kik na fizgar sa sai ya karye. Ku fara da cire filogi. Nata suna can cikin rami mai zurfi, sai da doguwar sifana. Kafin ku zare wayoyinsu, ba yaron salatif da biro ya rubuta wa kowace lamba, ya ɗauki hoto da wayarka. Wutar tana bin 1-3-4-2 ne, in kuka rikita biyu za ta yi ta tari tana harbi ta kabureta. Kowane rami ku zuba baƙin mai kamar cokali biyu, ku bar shi kwana uku. Sannan giya a firi, ku sa sifana a notin fuli na ƙasa ku juya a hankali. Wannan juyin a bar wa yaron, shi ya kamata ya fara jin injin kakansa ya motsa a hannunsa. In ya cije, kada a sa ƙarfi, a ƙara mai a ƙara kwana.

In har ta kai ga buɗe top, wato murfin kan injin, ga inda zan ja kunnenka. Silindar wannan injin irin wadda ake zarewa ce, ruwa na zagaye da ita. In an sauke top aka juya injin ba a danne silindojin ba, sai su ɗaga, abin toshin ƙasansu ya lalace, ruwa ya haɗu da mai. A nan kam ka kira tsohon bakaniken Peugeot, ba yaron gareji ba, kuma ya zo gida ya yi a gabanku. In ka kai ta gareji aka dawo maka da ita tana aiki, mota ta tashi amma yaron bai samu komai ba.

Sai fetur. Wanda ya shekara goma ya zama ƙaro, warinsa ma kamar tsohon fenti. A sauke tanki a wanke, a sauya tiyo da filtar mai. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka shinshina, in ka ji fetur, robar cikin famfon mai ce ta tsage. Kabureta ku kwance ta a kan faranti, yaro na jera ƙananan kayan a kiret ɗin ƙwai bisa yadda suka fito. Ƙananan ramukanta da iska ake hura su, ba a zura musu waya, ramin na faɗaɗa ta koma shan mai. Kuma ba a zuƙar fetur da baki a gaban yaro, gobe kwaikwaya zai yi.

Baƙin mai lita 4, 20W-50, da sabuwar filta. Bakin kwantak milimita 0.4, na filogi 0.6, ku sayi ma'aunin nan mai ganye-ganye, ba tsada. Ku buɗe gidan filtar iska, sau da yawa ɓera ya yi sheƙa a ciki ya kuma ci wayoyi. Lagireto a wanke, fambel sabo. Ranar tashi ku fara buga kik babu filogi har jan wutar mai ta mutu, sannan ku mayar da su. Da sanyin Jos ɗin nan sai an ja cok. Za ta yi hayaƙi sosai, man da kuka zuba ne ke ƙonewa. Yaro ya tsaya gefe, hannun riga a naɗe, nesa da fanka.

Ta tashi ba ta nufin a hau titi. Man birki na shan ruwa, ya tsatsar da ciki, sai a zubar gaba ɗaya a sa DOT 4. Wajen fitar da iska aikin mutum biyu ne: shi a kujera, kai a gindin taya kana cewa taka, riƙe, saki. Taya kuwa ko zanenta sabo ne, duba lamba huɗu da ke gefenta, mako da shekarar da aka yi ta, za ka ga ta tsufa. Kuma ba mai shiga ƙarƙashi a kan jak kaɗai, sai an kafa ƙarfen tokara an sa wa tayoyi dutse.

Aiki ɗaya a kowace Asabar ya isa, awa ɗaya zuwa biyu, kafin ya ƙosa. In ya juya noti baibai, Malam, ka danne zuciya kada ka karɓe sifanar, tambaye shi wane gefe yake jin yana saki. Fenti da kujeru su ne na ƙarshe, takardu ma a sabunta kafin fita.

Yanzu dai buɗe bonet ka turo mana hoto, da na ma'aunin baƙin mai, mu ga kalar man. Wassalam.