Cikakken ko Taƙaitaccen? Amsar Maigida

Ka ce malamar nan tana son labarin Sherlock Holmes mai binciken laifuka, na karen nan, don 'yan aji huɗu na sakandare, kana tambayata cikakken za ka kai mata ko taƙaitaccen. Ajiye wayar nan tukuna, da kai nake.

The Hound of the Baskervilles, na Arthur Conan Doyle, ya fito a 1902, babi 15. A kan bencin nan na karance shi, ba irinku ba da kuke sayar da littafi ba ku san cikinsa ba. Wani tsohon gida ne a dajin Dartmoor na Ingila, ga hazo, ga taɓo mai haɗiye doki, ana cewa baƙin karen aljanu ke bin zuriyar. Ashe kare ne na gaske, mai kwaɗayin gado ya shafa masa sinadarin da ke haske cikin duhu. Yara na son sa, amma Turancin mutanen da ne, ba kowane ɗan shekara 15 ke iya haɗiye shi ba.

A kansa aka ci ni. Wani mai makarantar kuɗi ya zo nan da babbar riga, ya ce kwafi 200, na asali yake so, ɗalibansa ba sa karanta na jarirai. Na ga girmansa, ban karɓi kafin alƙalami ba. Kuɗin rufin ɗakina na kwasa na aika Legas, na biya mota, na kai masa har ofis. Bayan mako uku sai ga direbansa da kwalaye, wai yara sun kasa, dama mai sauƙin ya ce! Na buɗe, kowane kwafi an buga masa hatimin makaranta, an rubuta suna da biro, 40 ma babu su. Wa zai sayi wannan? Sau bakwai ina zuwa, kullum yana mitin. Damina ta same ni ɗaki a buɗe. Ga ragowar can ƙarƙashin kanta, gara ta ci rabi.

Ɗauki ɗaya-ɗaya ka kai mata, ta buɗe da hannunta, ta rubuta wanda take so, ta ba da rabin kuɗi. In ta nemi ra'ayina, taƙaitaccen. Rubuta rasit kuwa ba ni zan koya maka ba. Tashi maza kafin a tashe su daga makaranta.