Tambaya da Amsa: Me ya sa farantin sola na gida ke kasa gogayya da na waje?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙasashe da dama sun kafa masana'antun haɗa farantan sola a cikin gida, amma har yanzu wanda aka yo odarsa daga ƙasar Sin ya fi arha, duk da kuɗin jirgin ruwa da na kwastan. Ina gizo yake saƙar, kuma ashe ba ƙarin haraji a kan na waje ne magani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a yi maganar haraji, ya kamata a san cewa haɗa farantin shi ne mataki na ƙarshe kuma mafi sauƙi a cikin doguwar hanya. Ana fara ne da wani farin dutse da ake kira kwatz (quartz) mai ɗauke da sinadarin silikon, a narka shi a tanderun lantarki mai tsananin zafi, sannan a tace shi har tsarkinsa ya kai kashi 99.9999 cikin ɗari ko fiye. Daga nan sai a sake narkar da shi, a jawo shi sannu a hankali ya zama dogon curi mai siffar taɓarya, a yanyanka da waya mai ɓurɓushin lu'u-lu'u zuwa ɓawo-ɓawo waɗanda kaurinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Waɗannan ɓawon ake sarrafawa, a zana musu siraran layuka na azurfa, su zama ƙwayoyin da ke mayar da hasken rana lantarki. Wanda ya taɓa riƙe ɗaya a hannu ya san ko ɗan matsi kaɗan yana iya tsaga ta.

To, masana'antar da ake kira ta gida galibi waɗannan ƙwayoyin take sayowa, ta jera su tsakanin gilashi da leda, ta ɗaura musu firam ɗin alminiyam. Sau da yawa ma gilashin da ledar da firam ɗin duk daga waje suke, saboda haka ita ma tana biyan kuɗin jirgi, tana jiran kaya na makonni, jarinta na kwance a teku.

Rahoton da Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa ƙasar Sin na riƙe da fiye da kashi 80 cikin ɗari na kowane mataki na wannan aiki, kuma kuɗin sarrafawa a can ya gaza na Indiya da kashi 10, na Amurka da kashi 20, na Turai kuwa da kashi 35. Mutane kan ɗauka arhar ma'aikata ce dalili, alhali injuna ne ke yin yawancin aikin. Ainihin dalilan su ne wutar lantarki mai rahusa, domin tace silikon ci yake kamar wutar daji, da girman masana'antun, da rance mai sauƙi, da kuma kusancin mai yin gilashi da mai yin ƙwaya da mai ƙera injin, ta yadda abin da ya lalace da safe ake gyara shi kafin yamma. Ko Jamus, wadda ta taɓa zama kan gaba, ta ɗanɗana kuɗarta: kamfanin Q-Cells ya durƙushe a 2012 har Hanwha na Koriya ta Kudu ya saye shi, SolarWorld kuma ya biyo baya a 2017.

Batun haraji kuwa, yana da amfani, amma shi kaɗai tsadar da kaya kawai yake yi ga mai saye, kuma wannan yana damuna ƙwarai, domin mai buƙatar sola sau da yawa shi ne wanda ba shi da wata wutar. Indiya ta ɗora harajin kashi 40 cikin ɗari a kan farantan waje da kashi 25 a kan ƙwayoyi daga Afrilun 2022, amma ta haɗa da tallafin kuɗi ga masu sarrafawa gwargwadon abin da suka samar. Amurka kuma, a dokarta ta Agustan 2022, ta ware ragin haraji na senti 7 a kan kowane wat (ma'aunin ƙarfin lantarki) na faranti da senti 4 a kan na ƙwaya, wato tana biyan kowane mataki daban.

A ganina, ƙasar da ba ta da tsayayyiyar wuta kada ta soma da tace silikon. Ta fara da abin da hannunta ke iya kaiwa, kamar firam ɗin alminiyam, da gilashi, da wayoyi, da ƙarafan girkawa, waɗanda nauyinsu ke sa jigilarsu tsada. Ta kafa ɗakin gwajin inganci wanda bankuna za su amince da shaidarsa, tunda faranti kan zo da garantin shekara 25, kuma ta tabbatar wa masana'antun da kasuwa ta shekaru ta hanyar kwangilolin gwamnati, kafin ta matsa zuwa ƙera ƙwayoyin da kanta.